Kan Keke a Akwatin Baba

"Cire hannunka daga kansa."

"Baba, mutane fa na kallonmu."

"Su kalla. Idonsu ne, ba aro suka yi ba. Na ce cire hannunka."

Auta bai cire ba. Yana durƙushe a kan tayil ɗin filin jirgi, gefen layin masu auna kaya, akwatin mahaifinsa a wangale a gabansa kamar an feɗe shi. A tsakiyar rigunan an nannaɗe wani abu da bargo. Gefen bargon ya zame, baƙin ƙarfe ya leƙo, da ɗan wilin da hannu ya goge har ya yi fari. Kan keken ɗinki ne. Ya girmi Auta nesa ba kusa ba.

Jiya da la'asar shi da kansa ya shirya akwatin nan. Ya aro sikeli a kemis ɗin bakin layinsu, ya ɗora, ya rage, ya sake ɗorawa, sai da nauyin ya zo daidai da abin da Yaya ta faɗa a waya. Duk abin da ta ce ya yi. Magani a jakar hannu, kada a sa shi a babban akwati. A ɗaura jan ƙyalle a mariƙi don a gane shi a can. A ɗauki hotonsa ko da zai ɓata. Yau da safe ya shiga wanka, ashe a nan aka yi masa aika-aika. Direban tasi ne ya ɗora akwatin, shi ya sauke, har ya yi mitar ƙugunsa. Auta bai saurare shi ba, hankalinsa na kan fasfo. Sai da ya zo ɗora shi kan sikelin kanta ya ji bayansa ya amsa.

Matar da ke kantar ta dubi sikelin, ta dubi tsohon, ta ce ba maganar kuɗi ba ce. Akwati in ya kai haka ba mai ɗaga shi, kuma jirgin ya cika, yau ba sa karɓar ƙarin kaya. Su koma gefe su rage. Su yi sauri, an kusa rufewa.

"Kwana biyu fa za ka yi, Baba," in ji Auta, ya sassauta murya. "Me za ka yi da keke a kwana biyu?"

"Kai me kake yi da waya a banɗaki? Amma ba ka taɓa barin ta a ɗaki ba."

"Gidan Yaya akwai keke. Na lantarki ma."

"Wannan mai kukan sauron? Ta nuna min shi. Roba ce zalla. In na taɓa shi sau ɗaya sai an aiko maka da tikiti ka zo gyara, tunda kai ne likitan firij."

"To kai kaɗai ka ɗauko. Ba tebur, ba abin takawa. Da me za ka juya shi?"

"Da hannu. Kafin in sayi tebur da me nake juya shi? Lokacin ko labarinka babu."

Maganar kwana biyun nan ita ke damun Auta duk sanda ya faɗe ta. Yaya, babbar 'yar Baba, aikin jinya take yi a wata ƙasa, ita ta aiko da tikitin. An ce wa Baba aikin ido za a yi masa, ya ɗan huta, ya dawo. Abin da ba a ce masa ba shi ne ta riga ta gyara masa ɗaki, ta sayi gado, kuma an gaya wa mai shagon da yake haya cewa ya nemi wani. "Kada ka kuskura ya sani," haka ta ce wa Auta. "In ya sani ba zai hau jirgin nan ba. Kai kuma ba ka wuni a gida, rannan da ya faɗi a bakin famfo maƙwabta ne suka ɗaga shi." Gaskiya ta faɗa. Shi ya sa ya fi jin haushinta.

Baba na tsaye a kansa, hannu a baya, gilashinsa mai kauri ya zamo kan hanci. Idon ya yi fari-fari a ciki, amma tsayuwar tana nan, irin ta mutumin da ya saba a zo masa da yadi a jira hukuncinsa.

"In keken nan bai hau ba, ni ma ban hau ba," in ji shi. "Ka kira ta ka faɗa mata."

Auta ya san muryar. Ba a ciniki da ita. Ya ja numfashi ya shiga fito da kaya. Takalma. Tawul. Wani abu mai nauyi a cikin safa.

"Baba! Har da dutsen guga?"

"Ka taɓa ganin na ba mutum ɗinki ban goge ba?"

"Can ma suna da wuta. Suna da dutsen guga. Wallahi suna da shi."

Baba ya daɗe yana duban safar. Sannan ya kau da kai.

"Ɗauka. Wataƙila ka riƙa goge rigar nan taka da kullum kamar akuya ta tauna."

Ƙarƙashin bargon akwai wata leda da Auta bai sani ba. Ya buɗe. Ƙananan kaya ne, riguna biyu na 'ya mace masu tattara a ƙugu, da riga da wando na ɗa namiji. Na 'ya'yan Yaya ne, waɗanda Baba bai taɓa ɗauka a hannu ba, sai dai a waya. Sai yanzu Auta ya gane dalilin da ya sa duk kiran da aka yi tsohon ke cewa yaran su je su tsaya jikin ƙofa. Awo yake yi. Mariƙin ƙofa tsayinsa ɗaya ne a ko'ina, in ya ga inda kan yaro ya kai, ya samu abin da yake so.

Ya juya rigar yarinyar. Ɗinkin gefen ya tafi ya karkace ya dawo, kamar sawun mai maye. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mutumin da a da in ya ja layi sai ka rantse da rula aka ja. Auta ya ninke rigar a hankali ya mayar cikin ledar.

"Waɗannan ba sa fita," in ji Baba.

"Ban ce su fita ba."

Suka mayar da akwatin kan sikeli. Har yanzu ya wuce. Abin da ya rage a ciki ban da keke da ledar yara, mafi yawa kayan sawar Baba ne. Matar kantar ta girgiza kai, da alama ita ma abin bai yi mata daɗi ba.

Baba ya matso ya dafa kantar.

"'Yar nan, in tambaye ki mana."

"Ina ji, Baba."

"Ni ma za ki ɗora ni a kan abin nan?"

"A'a, Baba. Kaya kawai muke aunawa."

"Ko na kai buhu nawa?"

"Ko ka kai nawa."

"Madalla." Ya juya wajen ɗansa. "Kwaso rigunan. Ina banɗakinsu?"

Wani mutum a layi ya fashe da dariya. Matar ta rufe baki da hannu, ta ce za ta riƙe musu akwatin a gefenta, amma don Allah kada su daɗe.

Banɗakin fari ne fat, yana warin sabulu, da dogon madubi daga bango zuwa bango. Auta ya jibge kayan a kan dakalin wanke hannu inda ba ruwa. Baba ya cire gilashi ya ajiye, ya kama rigar jikinsa ta wuya ya zare.

Auta ya daɗe bai ga mahaifinsa ba riga ba. Shi yakan fita tun ana share titi, ya dawo an kunna fitilu, su ci abinci kowa na kallon kwanonsa. Ga shi yanzu a ƙarƙashin farar fitila. Haƙarƙari a jere. Kafaɗun da a da Auta ke hawa don ya ga cikin kasuwa, sun zama kamar marataya riga. Wandon an ƙara wa bel ɗinsa huji da ƙusa.

"Me kake kallo? Miƙo singiletin."

Singileti a kan singileti. Sannan riga mai maɓalli, fara, wadda Baba ya ɗinka wa kansa tun mahaifiyarsu na da rai. Ya zura hannuwa, ya kama maɓallin farko. Yatsun suka shiga rawa. Maɓallin ya zo bakin ramin ya kuɓuce. Ya sake kamawa, ya sake kuɓucewa. Baba ya yi tsaki, ya ce masu yin maɓallin yanzu ba su da tsoron Allah, alhali maɓallin nan shi ya ɗinka shi da hannunsa tun tuni.

Sai Auta ya tuna cewa ya daɗe rabon da ya ga tsohon da riga mai maɓalli. Kullum wadda ake zurawa ta kai. Ya ɗauka zafi ne.

"Kawo," in ji shi.

"Zan iya."

"Na sani. Lokaci ne ba mu da shi."

Baba ya saki hannuwansa. Auta ya fara daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Yatsunsa sun saba da sukurun firij, maɓalli bai ba shi wuya ba. Abin da ya ba shi wuya numfashin tsohon ne da yake ji a goshinsa.

"Da ni ke sa maka," in ji Baba. "Ba ka tsayawa wuri ɗaya, kamar an zuba maka ƙaiƙayi. Uwarka ta riƙe kai, ni in riƙe ƙafa."

"Ɗaga hannu."

Riga ta biyu. Ta uku ta ƙi shiga sai da aka ja. Wando a kan wando, Baba na dafe da kafaɗar ɗansa yana ɗaga ƙafa ɗaya. Wani matafiyi ya shigo, ya gan su, ya wanke hannu da sauri ya fita bai ko busar ba.

"Auta."

"Na'am."

"Rannan mai shago ya zo. Ya ce in ara masa tef ɗina."

Auta bai ɗago ba. Yana fama da zif.

"Na ara masa. A gabana ya auna ƙofa, ya auna bango. Wai mai aski zai zuba, yana so ya ga ko madubi zai shiga. Da tef ɗina." Baba ya yi 'yar dariya ta hanci. "Idona ne ya mutu, ɗan nan. Kaina na nan."

Famfo ɗaya na ɗiga. Auta ya tsaya da zif ɗin a hannu.

"Yaya ce ta ce..."

"Na san wadda ta ce. Ni na haife ta. Ban ce kun yi laifi ba. Kai ma ka gaji, ina gani. Yaro da ƙuruciyarsa, kullum yana gaggawar dawowa ya ga ko tsoho ya faɗi."

"Ni ban gaji ba."

"To ba ka gaji ba." Ya miƙa hannu aka zura masa falmaran. "Abin da nake so ka gane, in zan je in zauna a ɗakin mutane, a ba ni in ci, a ce in kwanta in kwanta, to a bar ni in je a tela. Ko ban ɗinka komai ba. Yaran nan in abokansu sun tambaye su wane ne wannan tsohon, su ce kakanmu ne, tela ne, ga kekensa can. Ba su ce wani ne aka kawo mana ba."

Auta ya ɗauki suwaita ya buɗe wuyanta.

"Sunkuyo da kai."

Kan ya shiga, ya ɓace, ya fito ta sama, furfurar ta miƙe tsaye. Auta ya sa tafin hannu ya kwantar da ita. Bai yi niyya ba, hannun ne ya tafi da kansa. Baba bai hana shi ba.

Kwat ce ta ƙarshe. Da aka gama, Baba ya mayar da gilashi ya matsa jikin madubi har hancinsa ya kusa taɓawa. Mutumin da ke ciki ya yi ƙiba, hannuwansa sun ƙi sauka jikinsa, kai ɗan ƙarami a sama.

"Kai," in ji shi. "Yayarka za ta ce kana kula da ni."

Dariyar ta kuɓuce wa Auta ba shiri, ta fito da wani abu a bayanta, ya juya ya buɗe famfo ya wanke fuska.

Suka dawo kanta, Baba na tafiya kamar sabon mai koyon tafiya, mutane na buɗa masa hanya. Matar ta gan shi ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba," tana danne dariya. Auta ya gyara wa keken zama a tsakiyar akwatin, ya cusa tawul ta gefen wili, ya sa ledar yara ta ɗaya gefen don kada ya yi motsi. Ya ɗora. Lambobin suka yi rawa suka tsaya.

"Saura ƙiris," in ji ta.

Ya sake buɗewa. A kusurwa akwai wata tsohuwar jakar yadi da aka ɗaure bakinta da zare, ta kayan aikin Baba. Bai kwance ba, ya ɗauke ta ya tura cikin jakar hannu, kan magunguna. Lambobin suka sauka.

"Ya yi," in ji matar. "Akwai mai a cikin injin?"

"Na tsiyaye shi tas tun shekaranjiya," in ji Baba. "Na goge da auduga."

Auta ya dube shi. Tun shekaranjiya. Tun kafin shi ya je aron sikeli.

Ta liƙa wa akwatin takarda, ta ƙara wata ja a sama, ta ce wannan don masu lodi su sauke shi a hankali ne. Bel ɗin jan kaya ya motsa. Akwatin ya tafi yana rangaji, jan ƙyallen na lilo, ya shige bayan labulen roba. Baba ya bi shi da ido, ko da yake Auta ya san daga nan ba ya ganin komai sai inuwa.

"Za su jefa shi?"

"Ba za su jefa ba, Baba," in ji ta.

"In sun jefa ma su za su ji a ƙafarsu."

Yaya ta riga ta nemi a ba Baba mai rakiya saboda idon. Wani ma'aikaci mai rigar lemo ya zo da kujerar turawa. Baba ya ce shi da ƙafarsa, sai da ya gwada taku kaɗan cikin wanduna uku, gumi na bin wuyansa, sannan ya zauna yana cewa don kada a ce ya raina aikin mutum ne.

A bakin wurin binciken kaya aka tsayar da Auta. Daga nan sai mai tikiti. Igiya ce kawai aka ja, da gilashi a gefe. Ya durƙusa gaban kujerar ya gyara wa Baba wuyan kwat, wanda ba abin da ya same shi.

"In ka shiga jirgi ka cire na saman. Kada zafi ya kama ka."

"To."

"Maganin safe na aljihun gaba. In ka sauka kada ka bi kowa sai mai irin rigar nan."

"To, Baba," in ji Baba.

Mai rakiyar ya yi dariya. Auta ya miƙe. Tsohon ya kamo hannunsa ya riƙe, ya jujjuya shi kamar mai duba yadi, ya saki.

"Ka riƙa cin abinci a zaune," in ji shi. "Tafi."

Bai tafi ba. Ya koma jikin gilashin, ledar dutsen guga da takalma a hannunsa. Yana gani aka tsayar da Baba, aka ce ya cire kwat. Ya cire. Aka ce suwaita. Mai binciken ya ga falmaran, ya ga wuyan riguna a jere a ƙarƙashi, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Bakin Baba na motsi, ko me yake gaya musu, su duka biyun suna dariya. Suka shafa shi sama-sama suka bar shi.

Jakar hannun ce ta ƙi wucewa. Ta shiga na'ura ta fito, aka mayar da ita, aka ja ta gefe. Mai binciken ya ciro jakar yadin, ya kwance zaren, ya zazzage a tire. Alli. Allurai a cikin kwalba. Tef. Sannan ya ɗago almakashi, babba, baƙi, mai mariƙin da aka naɗe da tsumma.

Auta ne ya sa shi a can da hannunsa. Da ya bar shi a babban akwati da yanzu yana cikin jirgi.

Dariya ta ƙare a wancan gefen. Mai binciken na girgiza kai, yana nuna wani kwando a ƙasa inda ake jefa irin waɗannan. Baba ya miƙe daga kujerar. Ba ya faɗa, hannu kawai ya miƙa, ya bar shi a miƙe. Almakashin nan ko Auta bai taɓa yanka takarda da shi ba, duk gidan an san ba a taɓa shi. Mai rakiyar ya sa baki, ya nuna gilashi, ya nuna Auta. Aka yi ta magana. Daga ƙarshe mai binciken ya ɗaga kafaɗa, ya riƙe almakashin ta tsini, ya rako tsohon har bakin igiya.

"Baba, laifina ne," in ji Auta. "Ban duba ba. Bari in koma wajen matar, wataƙila akwatin bai..."

"Akwati ya tafi, Malam," in ji mai rakiyar. "Mu ma kiranmu ake yi."

Baba ya karɓi almakashin daga hannun mai binciken. Ya buɗe shi ya rufe, sau ɗaya, kusa da kunnensa. Sannan ya juya mariƙin ya miƙo ta saman igiyar.

"Kada ka yanka waya da shi. Na san halinka."

"Ba zan yanka ba."

"Kada ka ara wa kowa. Ka riƙa ɗiga masa mai." Ya zauna, mai rakiyar ya juya kujerar. Ta saman kafaɗar da ta yi tudu da riguna ya ƙara da cewa, "Ajiye min."

Ƙarfen da ɗumi, ɗumin hannun tsohon. Kujerar ta fara nisa, tana shiga cikin mutane.

"Baba," in ji Auta. Muryar ba ta fita sosai ba, ya ɗaga ta. "Baba, har yaushe?"